Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Tarihin Dokar Gini a Bauchi da Abin da Ya Shafe Mu a Miri

Duk wanda yake Bauchi a watan Yunin 2018 ba sai an tuna masa da yammacin Asabar 16 ga wata ba. Washegarin ƙaramar Sallah ce, yara na ta yawon Sallah da sababbin kaya, sai hadari ya haɗo. Kafin a ankara iska ta taso da ƙarfin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Kwanon rufi ya riƙa yawo a sama kamar takarda, turakun lantarki suka kwanta, manyan bishiyoyi suka tare hanyoyi. An rasa rayuka, mutane da yawa sun jikkata, gidajen da suka wayi gari babu rufi kuwa ba su ƙirguwa. A tsakanin kwanakin nan gobara ta ci kasuwar Azare. Cikin makon Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya yi jaje.

A lokacin ina haya a cikin gari, ban dawo Miri ba tukuna. Gidan da nake ciki da na maƙwabcinmu bango ɗaya ya raba su, kuma kusan tare aka gina su. Namu iska ta yaye rufin ɗaki uku, ta kai kwanon can bayan layi. Nasa ko ƙusa ɗaya ba ta cire ba. Da na tambaye shi daga baya, sai ya ce lokacin gini tsohon birkilansa ya ƙi ci gaba da aiki sai da aka zuba linta ta zagaye gidan, aka binne langalanga a cikinta, aka ɗaure katakon rufi da ita. Ya ce har cacar baki suka yi a kan ƙarin kuɗin. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, mai gidanmu ya shiga layi. Maƙwabcinmu kuwa "Allah ya kiyaye gaba" kawai ya samu, tunda ba abin da ya same shi.

Ban ce kada a taimaki wanda iska ta yi wa ɓarna ba. Ni ma a ƙarƙashin leda na kwana da iyalina. Amma tun ranar wata tambaya ke yi mini yawo a ka: me ya sa hukuma ke da kuɗin ba wanda rufinsa ya tashi, ba ta da ko sisin da za ta ba wanda ya ɗaure nasa tun farko? Da na bi tarihin garin nan sai na ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Duk lokacin da ƙa'idar gini ta zo wa talaka da wani amfani a hannu, ya bi ta. Duk lokacin da ta zo da bulala kaɗai, ya zagaye ta.

Zamanin ganuwa

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kilomita 10 da ɗoriya. Sunayen ƙofofinta na nan a bakinmu har yau: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Gombe, Ƙofar Dumi, Ƙofar Wase da sauransu. A biranen ƙasar Hausa aikin ganuwa aikin gayya ne. Idan rani ya yi, a raba wa unguwanni da ƙauyuka ɓangaren da kowa zai gyara. Aiki ne mai wuya, amma kowa ya san ladansa: ranar da aka kawo hari, bayan wannan bangon zai shiga da iyalinsa da dabbobinsa.

A cikin birni ma gini yana da shugabanci. Akwai Sarkin Magina, wanda manyan ayyuka ke bi ta hannunsa, kuma sana'ar gado ce, yaro ya fara da miƙa tubali ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya ɗaura azara. Magini yana gudun abin kunya, don idan soro ya rufta, gari duka zai san hannun wane ne. Wanda ke son ya ga iyakar gwanintar mutanen da, ya je Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa ya ga gidan Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Da ƙasa da azara aka yi shi a ƙarni na 19, yana nan tsaye, kuma tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa.

Kowane abu a ginin da yana da dalili. Gindin bango ya fi samansa kauri. Ana shafe shi da makuba don ruwa ya zame. Indararo yana fitar da ruwan soro nesa da jikin bango. Rawanin gini yana kare bakin rufi. Kafin damina kowa ya yi yaɓe. Har ramin da aka haƙi ƙasar ginin ba a barinsa a banza: shi ne kududdufi, inda ruwan unguwa ke taruwa idan an yi mamako, maimakon ya shiga ɗakunan mutane.

Akwai kuma shari'a. Alƙalai suna hukunci da ƙa'idar nan ta fiƙihu da ta hana mutum cutar da maƙwabcinsa: ba ka juya indararonka cikin gidan wani, ba ka toshe hanyar da ruwa ya saba bi, ba ka cinye lungu. Malam Abdullahi na Gwandu, a littafinsa Ta'alimur Radi, ya yi bayanin hurumi, wato filin da ake bari kewaye da rijiya ko rafi ko gari wanda ba mai ikon mallake shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a da gina garuruwa masu ganuwa da gadoji da gyaran hanyoyi da kasuwanni cikin abin da ya hau kan shugaba. Wato ƙa'ida tana kan talaka, hidima tana kan sarki.

Kada a ɗauka zamanin ba shi da nasa bala'in. Gobarar hunturu takan cinye unguwar jinka cikin dare ɗaya, ruwan Agusta yakan kayar da bangon da ba a yaɓe ba. Amma mai tsawatarwa a kusa yake: maƙwabci, mai unguwa, magini, alƙali. Kuma wanda ya bi ƙa'ida, ranar da ya tashi ɗora jinka ba zai rasa hannuwa ba.

Turawa da duba-gari

Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902. A 1917 gwamnatin Lugga ta kafa dokar garuruwa, wadda ta kasa garuruwan Najeriya aji uku, ta kuma tanadi ƙa'idojin gini da na tsabta. Sai dai a bariki aka fi aiki da ita. An ware unguwar Turawa, wadda muke kira GRA, aka ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi. A can ne aka yanka manyan filaye, aka shimfiɗa tituna, aka yi magudanan ruwa, aka dasa bishiyoyi. Cikin birni kuwa aka bar wa En'e.

Abin da talakan birni ya gani na sabuwar dokar shi ne duba-gari. Iyayenmu mata sun sha ba mu labari: da an ce ga shi nan, sai a hau zubar da ruwan randa, a rufe salga, a share tsakar gida. Idan ya ga tsutsa a tulu, sai sammaci da tara. Tsabtar ta yi amfani, ba wanda zai musa. Amma darasin da mutane suka ɗauka shi ne jami'in hukuma idan ya shigo gidanka karɓa ya zo yi, don haka a ɓoye masa abin da za a iya ɓoyewa, a sallame shi da abin da ya samu. Dokar tsara birane ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ba ta sauya wannan ba. Ta ba hukuma ikon zana taswira da hana gini, ba ta ce komai ba a kan abin da mai bin taswirar zai samu.

Wannan gadon muke ɗauke da shi har yau. Jan fentin da ake shafawa a bango jikan duba-gari ne, kuma yadda kakanninmu suka yi da wancan haka muke yi da wannan.

Hedikwatar jiha da aikin Makama

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro jihar Bauchi daga tsohuwar jihar Arewa maso Gabas. Garin da yake hedikwatar lardi ya wayi gari hedikwatar jiha. Ma'aikata suka kwararo daga Maiduguri, 'yan kasuwa da masu sana'a suka biyo su, gidan haya ya yi wuya. A shekarun nan na 1970 kamfanin Max Lock, wanda ya yi wa Kaduna taswira a 1967, ya zana wa Bauchi da wasu garuruwan yankin taswirar yadda ya kamata su faɗaɗa.

Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne aikin Makama. A ƙarshen shekarun 1970 Bankin Duniya ya amince da aikinsa na farko na raya birane a Najeriya, kuma Bauchi aka zaɓa. An gudanar da shi a zamanin Gwamna Abubakar Tatari Ali da bayansa. Tsarin mai sauƙi ne. Maimakon gwamnati ta gina gida ta raba, sai ta yanka filaye, ta fitar da hanya, ta yi magudanar ruwa, ta kawo famfo, sa'an nan ta ba masu ƙaramin ƙarfi fili da damar rancen gini, su gina da kansu a hankali bisa tsarin da aka shata. A tsohuwar unguwa kuma aka gyara hanyoyi da magudanai ba tare da an tashi mutane gaba ɗaya ba.

A nan an juya abin. Hukuma ce ta fara sauke nata nauyin, sa'an nan ta ce wa mai gini ga iyakarka, ga inda za ka tsaya. Mutumin da aka ba fili mai takarda, da kwalbati a ƙofar gida, ba sai an bi shi da katafila ba kafin ya bar wa ruwa hanya, don an riga an nuna wa ruwan inda zai bi. Irin waɗannan ayyuka suna da nasu ciwon. A ƙasashe da dama an ga yadda filayen da aka yi don talaka suke ƙarewa a hannun masu hali, kuma kuɗin da ake kashewa ba ya barin a yi su da yawa. Duk da haka, ga misali a cikin garinmu, ba a Turai ba, na lokacin da ƙa'ida ta zo da goro a hannu.

Abin takaici, gari ya fi ƙarfin taswira. Tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, yankan filayen gwamnati ya kasa kamo yawan jama'a, sai mutane suka fita bayan gari ta kowace hanya: ta Jos, ta Dass, ta Gombe, ta Maiduguri, ta Ningi. Da yawanmu haka muka zo Miri.

Doka a takarda

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar mallakar ƙasa. Ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Wurare irin namu, da suke ƙauye jiya suka zama bakin gari yau, sai suka faɗa tsakani. Mai gona ya yanka gonarsa da igiya, dillali ya kawo mai saye, a rubuta takarda a gaban shaidu, shi ke nan. Mai yankan yana son filoti ya yi yawa, don haka layi ya tsuke, kwarin da ruwa ke bi shi ma a auna shi a sayar. Da rani ake cinikin fili, lokacin da kowane kwari a bushe yake.

Dokoki kam an yi su. A 1992 gwamnatin Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 88 ta tsara birane da yankuna, wadda ta ce ba a gini sai da izini. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora ga ginin da ya wuce hawa biyu tun ana cikin aikinsa, da gine-ginen da jama'a ke shiga. A 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ma'ana Abuja za ta iya rubuta kundi, amma ba za ta iya tilasta wa Bauchi ko Filato aiki da shi ba. Sai jiha ta mayar da shi dokarta, ta ɗauki ma'aikata, ta ba su abin hawa da albashin da zai hana su karɓar na goro.

To me zai sa gwamna ya yi haka? Hana gini ba ya kawo ƙuri'a. Rusau yana jawo zagi. Ginin da bai faɗi ba kuwa ba a ɗaukar hotonsa. Sakamakon muna ganinsa. Ranar 12 ga Yulin 2024 benen makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos, nan kusa da mu, ya rufta a kan ɗalibai da safe suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Kafin nan, ranar 1 ga Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya zube ya kashe fiye da mutum 40. Duk bayan an yi kundin 2006 ne.

Kuɗin jaje

Kuɗin da za a yi riga-kafi da su ba wai babu ba ne. Tun 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kafa asusun kula da muhalli, ana cire kashi 1 cikin 100 na asusun tarayya, aka mayar da shi kashi 2 a 1992. A 1999 aka kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, jihohi ma suka kafa nasu.

Ku duba yadda aka yi a 2012, shekarar babbar ambaliya. NEMA ta ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Shugaba Goodluck Jonathan ya ware Naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi rukuni huɗu gwargwadon ɓarnar da aka yi musu. Rukunin farko Naira miliyan 500 kowace jiha, na biyu, inda Bauchi take, miliyan 400, na uku miliyan 300, na huɗu miliyan 250. Ba wanda ya tambayi wace jiha ce ta hana gini a bakin rafi, wace ce ta yashe magudananta. Ma'aunin ɗaya ne, yawan asara. Bayan shekara goma, a 2022, ruwa ya dawo ya ci fiye da mutum 600. A Agustan 2024 ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, a Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, kamar yadda ta yi a 1994.

Labarina da maƙwabcina ke nan, an faɗaɗa shi ya zama na ƙasa. Buhun shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano suna zuwa bayan an yi asara. Ihu bayan hari.

Yadda wasu suka ɓullo wa abin

Amurka tana da irin matsalarmu ta tsarin mulki: gwamnatin tarayya ba ta da ikon ɗora wa jihohi da garuruwa dokar gini. Sai ta bi ta aljihu. A 1968 ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa, da sharaɗi ɗaya: mutanen gari ba za su samu wannan inshora ba sai hukumar garinsu ta kafa dokar gini a wuraren da ruwa ke kwanciya, kuma tana aiki da ita. A 1990 aka ƙara wani mataki. Ana ba garuruwa maki, garin da ya wuce mafi ƙarancin abin da aka nema sai a yi wa mazaunansa rangwamen kuɗin inshora, daga kashi 5 har zuwa kashi 45 cikin 100. Nan take mai gida ya zama shi ke matsa wa shugaban ƙaramar hukumarsa ya tsaurara, don abin ya shafi aljihunsa. Birnin Tulsa, wanda ambaliyar 1984 ta kashe wa mutum 14, ya saye gidajen da ke kan hanyar ruwa ya biya masu su, ya mayar da wuraren filin wasa da matattarar ruwa, wato kududdufin zamani. Yau yana cikin garuruwan da ke samun rangwame mafi girma. Wata cibiyar nazarin gini ta ƙasar ta lissafa cewa duk Dala 1 da aka kashe wajen bin sababbin ƙa'idojin gini tana tsare asarar Dala 11.

Turkiyya ta nuna ɗaya fuskar. Bayan girgizar ƙasar 1999 da ta kashe sama da mutum 17,000, ta tsaurara ƙa'idoji. Amma a 2018, gab da zaɓe, gwamnati ta yi afuwa: duk wanda ya yi gini ba bisa ƙa'ida ba ya biya kuɗi a ba shi takarda. Miliyoyin mutane suka biya. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 ƙasa ta sake girgiza, fiye da mutum 50,000 suka mutu. A cikin lardin Hatay da ya fi shan wuya akwai wani ƙaramin gari, Erzin, inda gidaje suka tsage amma ba su rufta a kan mutane ba. Masana sun ce irin ƙasar wurin ta taimaka, amma an kuma shaidi hukumar garin da ƙin lamuntar ginin da ba izini. Idan hukuma ta saka wa mai karya doka, ita ma kwaɗaitarwa ce, sai dai ta hanyar halaka.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. A 2018 gwamnatin tarayya da Bankin Duniya suka fito da shirin SFTAS na Dala miliyan 750. Sharaɗinsa shi ne jihar da ta wallafa kasafin kuɗinta da rahoton mai binciken kuɗi a kan lokaci za a ba ta kyautar kuɗi, wadda ba ta yi ba ta rasa. Jihohin da suka shekara suna ɓoye takardun nan, cikin 'yan shekaru kusan dukkansu suka riƙa sa su a intanet. Gwamnonin nan dai su ne, ba a sauya su ba. Tukuici aka sa a gaba. Abin da ya yi aiki a kan kasafin kuɗi ba abin da zai hana shi aiki a kan magudanar ruwa, idan aka ce wani kaso na asusun muhalli sai jihar da ta nuna taswirar hanyoyin ruwanta da yawan gine-ginen da ta duba.

Mu a Miri

Na san abin da wani zai ce: malam, mutumin da ke tara kuɗin bulo ɗari-ɗari, ina ya ga kuɗin injiniya da na zane da na izini? Gaskiyarsa. Kundin 2006 da Turanci yake, kauri gare shi, kuma birkilan da ke gina yawancin gidajenmu bai taɓa ganinsa ba. Inshora ma ba ta shiga jinin mutanenmu ba, ko da yake yanzu akwai ta takaful ga mai gudun shubuha. Idan aka ce a dawo da bulala kaɗai, kan talaka za ta ƙare, mai bene ya sallami jami'i ya wuce.

Shi ya sa abin da ya kamata mu nema, ta bakin masu unguwanninmu da kansilan mazaɓar Birshi da Miri da ɗan majalisarmu, shi ne irin cinikin Makama. A rubuta ƙa'idar gidan ƙasa da Hausa a shafi ɗaya: kada a gina a kwari, fandisho ya ɗara titi tsawo, kada a tsawaita buhun siminti fiye da ƙima, linta ta zagaye gida, a ɗaure rufi da ƙarfe, a bar layin da motar kashe gobara za ta shiga. Wanda ya cika waɗannan a yafe masa kuɗin izini, a sa takardar mallakarsa a gaba, don ita ce abin da kowannenmu ya fi kwaɗayi. A ba da zanen gida kyauta, kala uku ko huɗu, kowa ya zaɓa. A horar da birkiloli da kafintoci a ba su shaida, a riƙa ba su aikin gyaran makarantu da asibitocin unguwa. Wanda ya riga ya gina a kan hanyar ruwa a musanya masa fili kafin a yi maganar rusau. Unguwar da ta tsare hanyoyin ruwanta kuma ita za a fara yi wa kwalbati. Duk wannan bai kai kuɗin jaje na shekara ɗaya ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Mu da muka zo daga baya ba mu san ƙasar nan kamar waɗanda muka tarar ba. Dattawan da suka noma gonakin nan tun kafin a haife mu sun san inda ruwa ke bi idan ya gangaro daga duwatsu, sun san kwarin da yake cika sau ɗaya a shekara goma. Mu je mu gaishe su, mu tambaye su, mu zagaya tare da su da mai unguwa a kafa alama, kowa ya san nan hurumin ruwa ne, ba na sayarwa ba. Mai neman fili ya daure ya zo ya gan shi a watan Agusta kafin ya biya. Ƙungiyar unguwa ta san birkilolin da ba sa ha'inci, ta riƙa nuna su ga baƙo. Wanda ya ga maƙwabcinsa zai toshe lungu ya yi masa magana tun yana fandisho, kada ya bari sai ya kai linta. Idan aka ce ƙaddara ce, haka ne, amma malamanmu sun sha faɗa mana tawakkali ba ya hana ɗaure abin da ya kamata a ɗaure.

Da na tashi gina nawa a nan, na nemi tsohon birkilan nan na maƙwabcina, aka ce mini ya rasu. Yaronsa na samu. Da muka zo rufi na fara ƙorafin kuɗi, sai ya ajiye cokalinsa ya ce, "Alhaji, in ba za a ɗaure ba, a nemi wani." Na yi shiru na ƙirgo kuɗin langalanga. Allah ya jiƙan malaminsa, ya kuma ba mu damina mai albarka.